Mai Garwashi a Bakin Gulbi

Yaya yarinyar nan ta yi ta haye gulbi da garwashi a hannu? Na tambayi tsofaffi lokacin da akwai waɗanda suka girme ni. Yanzu ni ce tsohuwar da ake tambaya, kuma ban sani ba.

Jikata Zainabu ke rubuta wannan magana. Ni ban san baƙi ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira. Ban daɗe da fita takaba ba. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tafi ya bar ni da ɗakin da ya yi mini faɗi, shi ya sa yaran gidan nan suke taruwa wurina bayan isha'i don su ɗebe mini kewa. Shekaranjiya suka matsa sai na yi musu tatsuniya. Ina da su da yawa masu kai da gindi, amma bakina ya ɗauko wadda bai kamata ba. Na kai yarinyar bakin gulbi, na yi shiru. Suka jira. Can sai ƙaramin cikinsu ya ce, "Hajiya ta manta." Suka kwashe da dariya, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska kamar amarya. Da mantuwa ce da na ji sauƙi, tsufa ne, kowa zai yi mini uzuri. Ba a taɓa ba ni ƙarshenta ba, kuma hannuna ne ya tare shi.

A Sakkwato aka haife ni, a Ƙofar Taramniya, cikin wani gidan ƙasa mai dogon zaure. Babana dillalin fata ne, jajayen fatun awakin nan da ake nema har ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Zaurenmu kullum warin fata da bagaruwa yake, baƙo ya toshe hanci, mu kuwa ba ma ji. Har yau in na bi ta inda ake jima, sai ƙafata ta rage sauri da kanta. Da safe matan Fulani su shigo da ƙwaryar nono suna kiran mahaifiyata. Jajibirin kasuwa danginmu na Wamakko su iso da jakuna, da shinkafa da albasa da rake, su kwana a zaure suna gardamar ruwan bana, mu yara muna kewaya su ko a karya mana gaɓa ɗaya. Zafin garin nan kuwa, ko rana ta faɗi, in ka jingina da bango sai ka ji kamar ka jingina da bayan mutum. Ban san wani gari ba, ban kuma ga dalilin da zai sa a yi wani ba.

Gidan na babana ne da wansa, Baffa Sanda, amma mai gidan ta gaskiya ita ce mahaifiyarsu, Kaka Ige. 'Yar siririya ce, baƙa, da haƙori ɗaya a gaba da take cewa shi ne mai gadin sauran da suka tafi. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Hauwa'u, don haka ba ta taɓa faɗar sunana ba. Uwata take ce mini. In na yi ɓarna ta ce, "Uwata, haka kinka rene ni?" In na kai mata fura ta karɓa da hannu biyu ta ce yau uwarta ta tuna da ita. A ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni.

Sana'arta kaɗi. Da rana ta gurza auduga a kan dutse ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, ta naɗe a jikin kara, shi ne sutu. Ni ke kai zaren wurin masaƙa a bayan unguwa. Bayan an ci tuwo an yi isha'i sai ta jawo taskirarta kusa da murhu, inda sauran wuta ke ci, a zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Ta dangwali alli, ta murza mazari, mu kuma mu zagaye ta, ni da Bello ɗan Baffa Sanda da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Na sako zare, wa ka kamawa?" Mu ce, "Mun kama!" Daga nan mazari na juyawa, magana na fita, kamar daga wuri ɗaya ake jawo su.

Dokokinta biyu ne. Ta farko, sutu ɗaya take kaɗawa a dare. In ya ƙare, ko kura ta buɗe baki za ta haɗiye mutum, nan za ta bar su har gobe. "Auduga ta ƙare, magana ta ƙare," in ji ta, ta karkaɗe zane. Ta biyu kuwa ba tata ce ita kaɗai ba, ta gari ce duka: ba a tatsuniya da rana. Wata rana da hantsi ta same ni a bayan rumbu na tara yara ina maimaita musu ta jiya. Ba ta taɓa duka na ba, ranar ma ba ta doke ni ba, amma ta kama kunnena ta ce, "Tatsuniya abin dare ta. Wanda duk yay yi ta da rana ɓacewa shika yi. Shi hita ƙohwar gidansu shi kasa gane ta." Na tambaye ta ko akwai wanda ta sani da ya ɓace. Ta ce da yawa, ai shi ya sa ban san su ba. Na yini ranar ina riƙe da gefen zanenta, ko bayan gida ban yarda na je ni kaɗai ba. Abin ya zauna mini a zuciya kamar karatun allo.

Shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai, ina 'yar budurwa da ba ta gama girma ba, babana ya ce za mu koma Kano. Masu sayen fatarsa can suke, ga jirgin ƙasa, ya gaji da bin mota yana dawowa. Kaka ta ce a sauka lafiya, ita ba inda za ta. Mijinta na kwance a Sakkwato, 'ya'yanta da suka riga ta suna nan, ba za ta bar su ta je ta mutu cikin mutanen da ke magana kamar ana koran su ba. Babana ya yi lallashi, Baffa Sanda ya sa baki, ta ce su bar ta ta yi kaɗinta. Ni na yi kuka na ce da ita zan zauna. Ta ce, "Ke da ad da uwa da uba? Tahi ki ga duniya ki zo ki ba ni labari."

Daren da aka yanke maganar ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Ta riga ta shiɓe auduga ta jera sutu a taskira, ta ce ta auna, za su kai mu har daren da za mu yi sallama.

Wani gari ne, in ji ta, aka kwana ana ruwa, da gari ya waye babu wuta ko a murhu ɗaya. A lokacin nan mu ma haka muke yi, in wutar gida ta mutu sai a ba yaro tsingaro, wato fasasshen kasko, ya je maƙwabta ya ɗebo garwashi. Ni kaina na sha yin wannan aike, don haka na san nauyinsa. To a garin akwai wata yarinya, mahaifiyarta na kwance ba lafiya, ba abin da take iya sha sai kunu mai zafi. Yarinyar ta ɗauki tsingaro ta bi gida gida, kowa ya nuna mata toka. Sai ta fita daga gari, ta haye gulbi, lokacin ruwan iyakarsa idon sawu, ta nausa.

Ta fara isa garin maƙera. Suka ce wuta ba kyauta ba ce, sai ta yi musu zuga. Ta yi ta zuga har hannuwanta suka kumbura, suka ba ta garwashi. Don ɗoki ta sheƙa da gudu, iska ta cinye shi kafin ta yi nisa. Ta ci gaba, ta isa wani gari na masu wadata, suka karɓe ta, suka yi mata kitso, suka ba ta zane da abinci mai mai. Ta zauna har ta manta abin da ya fito da ita, tsingaron ma ta mai da shi abin ba kaji ruwa. Sai ranar da ta ga wata mata na dama kunu, ta dafe kai ta yi salati. A nan Kaka takan tsaya ta dube ni ta gefen ido, mazari na ta juyawa. Ni kuwa in ce, "Ni ba ni mantawa." Ta ce, "Wa yac ce ke ta?"

Daga ƙarshe yarinyar ta iske wata tsohuwa a gindin gawo, tana tsaron garwashi guda ɗaya da ta gada wurin mahaifiyarta. Tsohuwar ta raba shi biyu ta ba ta rabi, ta ce wuta ba ta son gudu, ba ta son tsayuwa, kuma ba ta tafiya da yunwa, a ciyar da ita da abin da ake da shi. Yarinyar ta juyo. Ta ba wutar karmami, ya ƙare. Ta ba ta gammonta. Ta yagi gefen zanen da masu wadata suka ba ta, kaɗan kaɗan, har ya dawo mata iya gwiwa. Kwana da kwanaki muna biye da ita, kowane dare sutu guda. Bello har mafarkinta yake yi, ya tashi yana hura hannunsa.

Sai ta iso bakin gulbi, ta tarar ya cika ya batse, gaɓa zuwa gaɓa. Ga garinsu can tana hange, babu hayaƙi a kan ɗaki ko ɗaya. Ba jirgi, ba mai fito. Akwai babban gora da ake rungumewa a yi iyo, amma shi hannu biyu yake so. Kada ya taso ya ce ta hau bayansa, sai dai ya gaya mata gaskiya, in ya kai tsakiya nutsewa yake yi, halinsa ne. Zalɓe ya ce ta ba shi ya ɗauka a baki, sai dai in ya hango kifi ba ya iya riƙe komai. Garwashi kuwa ya ƙanƙance, ya dawo kamar ƙwayar dawa, kuma ba sauran abin da za ta ba shi.

Nan sutun ya ƙare.

Muka yi ca a kanta. Bello ya ce shi ya sani, a baki za ta sa shi ta yi iyo. Kaka ta ce, "Kai dai hankalinka na ubanka na, ku ci wuta ku ce tuwo." Na jawo taskira na nuna mata saura, na ce ga su nan, ta ɗauki ɗaya mana, ai ba wanda zai sani. Ta buge mini hannu. "Uwata, ke da kanki ka koya min sata? Wanga na gobe na. Wancan na jibi." Na yi fushi na juya mata baya a kan tabarma. Ta yi ta tsokana ta da yatsan ƙafa har na yi dariya ba da so ba. Mu duka a ganinmu akwai sauran darare.

Da asuba yaron mota ya buga ƙofar zaure. Motar da za ta ɗauke mu da fatun babana an yi hayarta don jigilar mutane a bikin mulkin kai, saboda haka direba ya ce yau zai tashi, wanda bai shirya ba sai bayan biki, in ma an samu wuri. Babana ya riga ya yi alkawari da mutanen Kano. Gida ya rikice. Ana ɗaure tukwane, ana naɗe tabarmi, mahaifiyata na kuka tana raba wa maƙwabta abin da ba zai ɗauku ba. A titi kuwa 'yan makaranta ne ke wucewa da 'yan tutoci suna gwajin maci, kowa na murna, ni ina tsaye da ƙullin kayana ban san wa zan kama ba.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da Kaka ta leƙo ta ce, "Uwata, taho." Na shiga ɗakinta. Hasken rana ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan tabarmarmu. Ta zaunar da ni a gabanta, gwiwa da gwiwa. Sai na ga ta jawo taskira, ta ɗauki sutu, ta dangwali alli. Ban gane ba sai da ta murza mazari ta ce a hankali, "Na sako zare, wa ka kamawa?"

Ban san lokacin da na yi tsalle na toshe mata baki da tafin hannuna ba. "Kaka, rana ta! Ɓacewa za ki yi!"

Ta cire hannuna. Ta ce, "Bari, ni na san abin da nika yi. Ke dai ce kin kama."

Na ce ban kama ba, ba zan kama ba.

"To saurara. Da ɗiyag ga tag ga garwashi ya kusa mutuwa, sai tad dubi..."

Na cusa yatsu a kunnuwana, na yi ta ihu don kada in ji, don a tunanina in ban ji ba to ba a yi ba. Ina ganin bakinta na motsi. Na fizge na fita da gudu har zaure, na faɗa tsakanin ɗaurin fatu ina kuka. Abin da nake gani a raina shi ne mun tafi, Kaka ta fita ɗebo wuta ko gaisuwar maƙwabta, ta juyo ta kasa gane ƙofa, tana yawo cikin gari tana tambaya, ni kuma ba na nan balle in riƙo hannunta. Na zaɓi in rasa ƙarshen tatsuniya da in rasa ta. A lokacin har wani alfahari na ji, wai na ceci kakata.

Zainabu, dakata kaɗan.

To, rubuta. Ba mu daɗe a Kano ba na ga yaran unguwarmu zaune da rana tsaka suna tatsuniya. Na ce ba sa tsoron ɓacewa? Suka yi mini dariya, da ma suna dariyar maganata, suna ce mini 'yar munka-sunka. Wata ta tsinko ciyawa ta ƙulla, ta ce ai shi ke nan an ɗaure ta, sai a yi abin da ake so. Ciyawa guda. Ɗakin Kaka cike yake da zare, da na san haka da na ƙulla mata ɗari. Na koma gida na shige bayan ƙofa, ban ci abincin rana ba.

Da na ƙara hankali sai wata kunyar ta zo ta danne wannan. Tsohuwar da ta kama kunnena saboda dokar nan, ita ce ta zauna cikin hasken rana ta karya ta da hannunta. Ko ta yarda da ɓacewar ko ba ta yarda ba, ban sani ba. In ta yarda, to ta ɗauki ɓacewarta ta ba ni guzuri. In ba ta yarda ba, to ta san abin da ni ban sani ba, cewa sutun jibi ba lalle ya same mu tare ba. Ko ta wace hanya, abu mafi tsada da take da shi ta miƙo mini, na toshe kunne ina ihu.

Ta yi shekaru a raye bayan tafiyarmu. Babana yakan je, amma ba a ɗaukar 'ya mace a bayan motar fata don ta je jin tatsuniya, ni kuma kunya ta hana ni faɗar abin da ke raina. Duk zuwan da ya yi sai ya dawo da saƙo iri ɗaya, yana faɗa yana dariya don bai san ma'anarsa ba: wai a gaya wa uwarta auduga ta samu. Aka yi mini aure, na haihu, na sake haihuwa. Bakina ya juye ya zama na Kanawa, na daina munka da sunka don a daina dariya. Ina cikin wankan jego aka aiko ta rasu.

Malam shi kaɗai na taɓa ba labarin nan dukansa. Bakano ne, mai barkwanci. In ya ga ina kallon murhu sai ya ce, "Basakkwata, an koma bakin gulbi ke nan? Ni na gaya miki kada ya haɗiye ta, ki huta." In ce masa Allah ya sawwaƙe, kakata ba ta kashe yaran tatsuniyarta. Wani lokaci ya kawo tasa dabarar, wai ta kunna wa gora wuta ta tura shi, ko ta yi kururuwa mutanen gari su zo su karɓa. Kowacce ya kawo sai in nuna masa inda take yoyo. Haka muka tsufa muna wannan gardama. Yanzu ba mai ce mini Basakkwata. Duk wanda ke gidan nan a Kano ya san ni, kamar nan aka binne cibiyata.

Sau ɗaya na koma, ta'aziyyar Baffa Sanda, ina da jikoki a lokacin. Na sauka a Ƙofar Taramniya na tsaya ina juyawa, shaguna ko'ina, ban ga bangon da na sani ba. Na tari wata yarinya na tambaye ta gidan masu fata. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke Bakanuwa ta?" Ita ta ja ni har ƙofar gidan da aka haife ni. Ni da ban yarda an yi tatsuniya da rana ba, ni aka kai gida kamar makauniya.

Bayan an yi addu'a na ja Bello gefe, ya yi furfura, na ce ya gaya mini yadda yarinyar ta haye. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane wace yarinya. Ya ce ai ba su ji ba. Daren da muka tafi sun taru sun roƙe ta, ta ce wannan ta uwarta ce, sai ta dawo. Ta yi musu wasu, da yawa, har ƙarfinta ya ƙare, amma wannan ba ta ƙara taɓa ta ba. Na bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, har wurin wata 'yar'uwarta a Wamakko na sa aka kai ni. Ba wadda ta taɓa jin ta. A nan na gane ba gadonta ta yi ba. Ita ta kaɗa ta da kanta, dare bayan dare, saboda yarinya guda da za ta bar gari.

Na sha cewa a raina in ƙirƙiro ƙarshe in ba yaran nan, wa zai kama ni? Sai in kasa. Duk abin da ke gaba da gulbin a tatsuniyar na gane shi da jikina. Na yi gudu iska ta cinye mini abin da na ɗauko, na zauna a garin masu wadata an yi mini kitso na manta, na ciyar da abin da ya rage da duk abin da nake da shi. Hayewar ce ban sani ba, kuma ita ce take so ta gaya mini. Ga shi na zo gaɓar da kowa ke zuwa, Malam ya riga ni, abin da ke hannuna bai fi ƙwayar dawa ba, kuma rabin labari ne. Shi zan ba ku, Zainabu, don ba ni da wani. Ki karanta wa ƙannenki, ki gaya wa ƙaramin nan ba mantuwa na yi ba.

Saura kaɗan, rubuta wannan ma. Ranar nan, ana cikin ɗora kaya a kan jakuna za a kai tasha, babana ya ɗago ni daga cikin fatu ya ce in je in yi wa Kaka sallama. Ban kai ɗakinta ba, ita ta fito. Ta tako har ƙofar zaure, sutun na hannunta ba ta ajiye ba, allin na nan fari a yatsunta. Idonta ya yi ja, amma dariya take yi, haƙorin nan ɗaya a waje. Na tsaya nesa kaɗan, hannuwana kusa da kunnuwana, don ina tsoron kada ta sake farawa. Ta gane. Ta girgiza kai, ta matso ta gyara mini ɗankwali, ta shafa mini allin a goshi ba da niyya ba. Babana na kira daga waje, jakuna sun fara tafiya. Ta riƙe haɓata ta ce:

"Tahi, Uwata. Kin tsare ni, ni ba ni ɓacewa. Amma kak ki daɗe. Mun bar ɗiyam mutane tsaye bakin gulbi da wuta ga hannu."